FASHIN BAƘI: Hanyar wa ce wannan? Abin da rumbun taswira guda zai canza a hanyoyin Ikara, Maƙarfi da Kudan

Kwandon tumatir da aka cika da asuba a wata fadama ta ƙasar Kudan, kafin ya isa kasuwar Mil 12 da ke Legas, sai ya bi ta hannun masu hanya uku. Babur ko amalanke ne za su fara fito da shi ta hanyar burji, wadda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora nauyin irinta a wuyan ƙaramar hukuma. Daga nan a-kori-kura ta hau da shi kwaltar jiha. Sannan babbar mota ta ɗauke shi a titin tarayya, ko dai na Zariya zuwa Kano wanda ya ratsa Tashar Yari, ko wanda ya fito daga Zariya ya bi ta Hunƙuyi ya shiga Jihar Katsina.

Manomi da direba babu ruwansu da wannan rabo. A wurinsu hanya hanya ce. Sai ranar da ruwan marka ya ɓalle wata kwalbati, motocin rake da na masara suka yi cirko-cirko a bakin rami, sannan tambayar ke tasowa: ta wa ce? Wakilan gari su rubuta takarda su kai sakatariya, a ce musu wannan ta jiha ce. Su kama hanyar Kaduna, a tambaye su a daidai ina kwalbatin take, su ce bayan gonar Alhaji wane, kafin ka kai tsamiyar nan. Kwatance ne mai kyau ga ɗan gari, amma babu injiniyan da zai iya shigar da shi cikin kasafin kuɗi, babu kuma mai binciken kuɗi da zai iya komawa bayan shekara biyu ya tabbatar cewa kwalbatin da aka biya kuɗinta ita ce wadda ta karye.

Hukumomin sufuri a ƙasashe da dama sun magance wannan ta hanyar gina rumbun bayanan taswira guda ɗaya, wanda kowane sashe na hukuma ke rubutu a cikinsa yana kuma karatu daga gare shi. Jihar Kaduna ta san irin wannan rumbu, domin ta gina shi a harkar filaye. Abin dubawa a nan shi ne yadda yake aiki idan don hanyoyi aka gina shi, da abin da ke sa ya rayu ko ya mutu.

Taswira mai rajista a bayanta

A taswirar takarda, layin da ya haɗa gari da gari layi ne kawai. A cikin kwamfuta kuwa, idan aka taɓa layin sai ya buɗe bayaninsa: tsawon hanyar da faɗinta, kwalta ce ko burji, shekarar da aka gina ta, ɗan kwangilar da ya yi aikin, abin da aka biya shi, da ranar da aka duba lafiyarta ta ƙarshe. Masana kan taƙaita sunan wannan fasaha da GIS. A Kanada aka fara ta cikin shekarun 1960, inda Roger Tomlinson ya jagoranci gina ta farko domin ƙididdigar filayen ƙasar.

Ana jera bayanan ne falle-falle, kamar ledoji garai-garai da aka yi zane a kan kowace sannan aka ɗora wata bisa wata. Falle ɗaya na hanyoyi, wani na rafuka da fadamu, wani na ƙauyuka da yawan mutanensu, wani na asibitoci da makarantu da kasuwanni. Idan aka leƙa ta cikinsu gaba ɗaya, kwamfuta na iya amsa tambayar da za ta cinye wa ma'aikaci wata guda yana bin fayil-fayil, misali: ƙauyuka nawa ne a Ikara ke yankewa daga asibiti mafi kusa da su idan wannan rafi ya kawo?

Wannan kaɗai ba sabon abu ba ne. Ma'aikatu da yawa a yau ba sa rasa wani matashi mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ya iya zana taswira mai launi don taron bita. Matsalar ita ce taswirar tasa ce shi kaɗai. Sashen tsare-tsare na da tasa, sashen gyara na da wani jadawali dabam, ofishin kuɗi bai san da ko ɗaya ba, kuma tsawon hanya guda kan iya fitowa iri uku a takardun ma'aikata ɗaya. Ranar da aka yi wa matashin canjin wurin aiki, taswirar ta bi shi.

Rumbu na hukuma baki ɗaya ya bambanta da wannan a kan abu uku da suke ɗaure da juna. Zanen hanyoyin guda ɗaya ne, kowa a kansa yake aiki. Kowace hanya, kowace gada da kowace kwalbati na da lamba tata da ba ta canzawa ko da an sauya mata suna. Akwai kuma rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace wanda ke da ikon gyara wane bayani, da kuma wanda za a tuhuma idan bayanin ya tsufa. Manhaja ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin: akwai ta kuɗi kamar ArcGIS, akwai ta kyauta kamar QGIS. Ƙa'idar ce ke da wuya, domin tana nufin wani darakta zai saki fayil ɗin da ya saba kullewa a durowarsa.

Darasin Milgoma

Akwai wata dabara da ke tsakiyar wannan aiki, wadda Bahaushe ya daɗe da saninta ba tare da ya ba ta suna ba. Garin Milgoma da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa da unguwar Miltara ta Kano sun samo sunansu ne daga awon nisa a kan hanya. Ita ma kasuwar Legas da tumatirin Kudan ke zuwa haka ta sami nata. Wato ana gane wuri da abu biyu kacal: wace hanya ce, kuma nisan nawa ne daga mafarinta.

Haka hukumomin hanyoyi na zamani ke yi. Maimakon a ce bayan gonar Alhaji wane, sai a ce hanya mai lamba kaza, kilomita 7.4. Da wannan ma'auni ɗaya, injiniya zai rubuta cewa kwalta ta fashe daga kilomita 6 zuwa 8, jami'in kiyaye haɗurra ya rubuta cewa mota ta kife a kilomita 7.3, akanta ya rubuta cewa an biya kuɗin faci daga kilomita 5 zuwa 9 a bara. Mutum uku ne a ofisoshi uku, ba su taɓa haɗuwa ba, amma da zarar an ɗora bayanansu a kan layi guda, labarin ya fito da kansa, har da tambayar da ya kamata a yi wa wanda ya karɓi kuɗin facin.

A nan ne batun ya daina zama na injiniyoyi kaɗai. A kasafin kuɗin Najeriya, da sunayen garuruwa ake kiran hanya, sunaye kuwa suna maimaituwa. Akwai Tudun Wada a Maƙarfi, akwai a Zariya, akwai a cikin Kaduna, ga kuma ƙaramar hukumar Tudun Wada ta Jihar Kano ba nisa da Ikara. Akwai Sabon Garin Hunƙuyi, akwai Sabon Garin Zariya. Hanya ɗaya na iya shiga kasafi da sunan farkonta a wata ma'aikata, ta sake shiga da sunan ƙarshenta a wata, ta kuma dawo a matsayin aikin mazaɓa na ɗan majalisa. A 2021 ƙungiyar BudgIT ta ce ta gano ayyuka 316 da aka maimaita a kasafin tarayya na shekarar, waɗanda kuɗinsu ya kai naira biliyan 39.5. Ba duka ne na hanyoyi ba, amma ƙofar da suka bi ta shiga ɗaya ce: aiki mai suna, marar lamba, marar takamaiman wuri. Inda doka ta ce ba a sakin ko kwabo sai an rubuta lambar hanya da kilomitan da aiki zai fara da inda zai tsaya, kwamfuta ce za ta fara tona maimaicin kafin ɗan jarida ya ji labari.

Abin da Kaduna ta riga ta tara

Ba daga fili fetal za a fara ba. A ƙarshen 2015 aka kafa Hukumar KADGIS da doka, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, bisa salon AGIS ta Abuja wadda aka kafa a 2003 yana ministan babban birnin tarayya. KADGIS ta mayar da fayilolin filaye cikin kwamfuta, ta yi amfani da hotunan sama wajen zana filaye da gidaje, ta zama ƙofa ɗaya ta neman takardar mallaka. Kano da Nasarawa da wasu jihohi suna da irinta. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane dalilin da ya sa filaye suka riga hanyoyi samun wannan gata: fili yana kawo wa gwamnati kuɗin shiga, hanya kuwa kuɗi take ci.

Falle na biyu ya fito ne daga inda ba a zata ba, wato yaƙi da cutar shan inna. Tun daga wajajen 2012 masu rigakafi a Arewa suka fara barin taswirar da ake zanawa da hannu suka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, ana bin sawun ma'aikata da wayoyi masu nuna wuri. Ta haka aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin kowa, aka sa musu suna da matsayi a taswira. Wannan aiki ne ya zama tushen shirin GRID3, mai tara bayanan matsugunai da asibitoci da makarantu da ƙiyasin yawan jama'a. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020, amma taswirar tana nan, kuma mai tsara hanyar karkara ya fi kowa buƙatarta.

Sai kuma hanyoyin kansu. A 2008 Bankin Duniya ya amince da shirin hanyoyin karkara na RAMP, kuma Kaduna ce jihar da ya zuba kuɗinsa a zagayen farko. A ƙarƙashinsa an gwada wani salon kwangila da ake biyan ɗan kwangila gwargwadon lafiyar hanya a tsawon shekaru, ba gwargwadon tifar burjin da ya juye ba. Irin wannan kwangila ba ta yiwuwa sai ana auna hanya kilomita bayan kilomita. Ga kuma shirin Eyes and Ears na Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ta jihar, inda ake ɗaukar hoton aikin gwamnati da waya tare da alamar wurin da yake. Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana rubuta haɗurra. FERMA, tun 2002, tana kula da gyaran titunan tarayya. KADRA na riƙe da na jiha, KASTLEA na kan titi kullum. A Zariya, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Hunƙuyi, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da Jami'ar Ahmadu Bello mai yaye safiyo da injiniyoyi kowace shekara.

Kowace daga cikin waɗannan hukumomi doka dabam ce ta kafa ta, kuma shugaba dabam take kai wa rahoto. Bayanan da take tarawa don amfanin kanta take tarawa. Kayan miya ne a hannun mutum takwas, kowa da tukunyarsa.

Me ya sa ƙananan hukumomi suka fi buƙata

Ƙiyasin da aka fi amfani da shi ya nuna Najeriya na da hanyoyi kusan kilomita 200,000. Kimanin 35,000 ne na tarayya, kusan kashi biyu cikin uku kuwa na ƙananan hukumomi ne. Ke nan mafi yawan hanyoyin ƙasar suna hannun matakin gwamnatin da ya fi ƙarancin injiniyoyi da kayan aiki. Akwai wani ma'auni da Bankin Duniya ya ɓullo da shi, wanda ya shiga cikin muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya: mutanen karkara nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita biyu daga hanyar da ake iya bi rani da damina. A Najeriya lissafin ya tsaya a wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Babu yadda za a yi wa Ikara ko Maƙarfi ko Kudan wannan lissafi su kaɗai sai an haɗa fallen ƙauyuka da fallen hanyoyi, an kuma san wace hanya ce ke mutuwa a watan Agusta.

Na taɓa neman jerin kwalbatoci a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ma'aikacin da na tarar mutumin kirki ne, kuma ya san ƙasarsa kamar tafin hannunsa. Ya lissafa mini su da ka, rafi bayan rafi, har da waɗanda yashi ya toshe. Da na tambayi inda aka rubuta, sai ya nuna kansa yana murmushi. Shekara uku suka rage masa ya yi ritaya.

Wannan yanki na noma ne, kuma kayan da yake fitarwa ba sa jira. Tumatirin Ikara da Kudan, inibin da Kudan ta yi suna da shi a shekarun nan, raken Maƙarfi da mazarƙwailarta, duk ribarsu na rataye ne a kan kwanakin da mota za ta iya shiga gona. Sau da yawa abin da ke raba ƙauye da kasuwa bai wuce mashigar ruwa ɗaya ba a cikin hanya mai kilomita goma sha biyar. Kuɗin shimfiɗa kwalta kilomita ɗaya a cikin gari zai iya gina kwalbatoci da dama a irin waɗannan wurare. Amma kwaltar cikin gari ana yanka mata ƙyalle a ɗauki hoto, kwalbatin daji kuwa babu mai gani. Rumbun taswira ba zai hana ɗan siyasa zaɓen kwalta ba. Abin da zai yi shi ne ya ajiye lissafin a fili: wannan aiki zai amfani mutum kaza, wancan da aka bari mutum kaza.

Tun a 1988 wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45, asarar da gyaran dala biliyan 12 a kan lokaci zai iya hanawa. Gyara a kan lokaci kuwa yana buƙatar a san abin da aka mallaka da halin da yake ciki. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, duk da tafiyar hawainiyar da aiwatar da shi ke yi. Shugaban ƙaramar hukumar da kuɗi ya shigo hannunsa ba tare da rajistar hanyoyinsa ba, wanda ya fi kusa da kunnensa shi zai sami aiki.

Yadda wasu suka yi

Amurka ba da son ranta ta fara ba. A ranar 15 ga Disamba, 1967, wata gada a kan Kogin Ohayo ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu, sai aka ga babu cikakkiyar rajistar gadojin ƙasar. Daga nan aka kafa dokar duba gadoji a kai a kai da rubuta sakamakon a rajista guda. A 2012 hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta umarci kowace jiha ta miƙa zanen duk hanyoyin jama'a da ke cikinta, har da na ƙananan hukumomi, bisa ma'aunin nisa irin wanda aka bayyana a sama. A Ingila kowane titi na da lambarsa a rajistar ƙasa, kuma kamfanin ruwa ko na lantarki ba ya haƙa titi sai ya sanar da hukuma da wannan lamba. Kenya ta fi kusa da halinmu: hukumar kula da asusun hanyoyinta ta bi ƙasar da na'urar nuna wuri, a 2009 ta fito da jimillar kusan kilomita 161,000, kuma a kan irin wannan rajista ake dogara wajen tsara gyaran da harajin man fetur ke biya. Shirin RAAMP da Bankin Duniya ya amince da shi ga Najeriya a 2020 ya bi wannan sawu, domin ya nemi jihohi su kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara.

Inda yake mutuwa

Irin wannan rumbu ya fi mutuwa a shekara ta uku. Kamfanin da aka ba kwangila ya gama, an yi bikin ƙaddamarwa, lasisin manhaja ya ƙare babu kuɗin sabuntawa a kasafi, lambar sirrin shiga tana hannun wanda ya koma Abuja. Ko da babu wannan, hanyar burji damina ɗaya ke canza mata kama, don haka bayanin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ya zama tarihi. Taswirar da ta tsufa ta fi rashin taswira haɗari, domin ana yarda da ita.

Akwai kuma wani tarko na fasaha da ke taɓa aljihun talaka kai tsaye. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne bisa ma'aunin Minna, wayoyi da na'urorin yau kuwa suna aiki da ma'aunin duniya na WGS 84. Idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da an daidaita ba, wuri guda kan goce da gomman mitoci. A daji wannan ba komai ba ne. A bakin titin Tashar Yari, ko inda sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021 ya ratsa gonaki, gomman mitoci su ne bambanci tsakanin gidan da ke cikin filin hanya da wanda ke wajensa, da tsakanin wanda za a biya diyya da wanda za a ce ya yi gini ba bisa ƙa'ida ba. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa rumbun hanyoyi ya zauna a kan ma'auni ɗaya da na KADGIS.

Sai batun buɗe shi ga jama'a. Za a ce akwai matsalar tsaro, kada a nuna wa 'yan bindiga hanya. Hujjar ba ta da ƙarfi sosai: wanda ke kwana a daji ya fi kowace kwamfuta sanin turbobinsa. Ana iya rufe bayanan da suka shafi jami'an tsaro, a bar lambar hanya, mai ita, halin da take ciki da kuɗin da aka kashe mata a buɗe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, amma hukumar da bayananta ke cikin kan ma'aikaci ɗaya ba ta da abin da za ta miƙa ko da ta so.

Aikin farko ba ya buƙatar jirgin ɗaukar hoto. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin uku na da mazaɓu goma. Wayar hannu ta yau tana nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba a fili, wanda ya isa a gane kwalbati. Ma'aikacin sashen ayyuka a kan babur, tare da ɗan gari da dagaci ya haɗa shi da shi, zai iya bin hanyoyin mazaɓa ɗaya cikin 'yan kwanaki, yana ɗaukar hoton kowace mashigar ruwa yana rubuta faɗinta da halinta. Lokacin yin haka sau biyu ne a shekara: a watan Afrilu, don a san lambatu da kwalbatocin da za a yashe kafin ruwa ya sauka, da kuma a watan Oktoba, lokacin da damina ta gama ɓarnarta kuma ba a riga an kai kasafin sabuwar shekara gaban majalisa ba.